Tsibirai hamsin, ina mutanensu?

Littafin Judith Schalansky, ƴar ƙasar Jamus, ya fito a 2009, ni kuwa fassararsa ta Faransanci na karanta. Tsibirai 50 ne mafi nisa a duniya, kowane da taswirarsa a shafi ɗaya, labarinsa a shafin da ke kallonsa. Tun a bango marubuciyar ta faɗi gaskiya: ba ta taɓa taka ko ɗaya ba, kuma ba za ta taka ba. Wannan ya burge ni. An haife ta a 1980 a Jamus ta Gabas, inda fita ƙasar waje sai dai da yatsa a kan taswira, kuma ana jin wannan ƙishirwa a alƙalaminta.

To amma me ta zaɓa ta ba mu? A St Kilda, jarirai ne ke mutuwa kafin su cika kwana takwas. A Clipperton, mai gadin fitilar jiragen ruwa ne ya naɗa kansa sarki, ya gallaza wa matan da suka rage, har suka kashe shi a 1917. Labaran na da daɗin karatu, ba na musu. Sai dai yawancinsu daga bakin baƙo suka fito, matuƙin jirgi ko mai bincike, ɗan gida kuwa da wuya ka ji muryarsa. Masu fassara ma sun ƙara gishiri: sunan Jamusanci ya ce tsibirai masu nisa, na Faransanci ya ce waɗanda aka yasar. Wa ya yasar da Tristan da Cunha? Da dutse ya yi aman wuta a 1961 an kwashe mutanensa zuwa Ingila, akasarinsu suka ce a mai da su gida, a 1963 suka koma.

Abin ya taɓa ni ne don mu ma ana yi mana haka. Itacen Tenere, da mota ta kaɓe a 1973, wanda gawarsa ke gidan tarihi na Yamai, kullum ana kiransa itacen da ya fi kowane kaɗaici a duniya. Ga ayarin gishiri mai zuwa Bilma daga Agadas kuwa, alamar hanya ne da rijiya a gindinsa, kowane madugu ya san shi.

Zan sake buɗe littafin, amma don taswirorin. Su dai ba su ƙara gishiri ba.