Zanen da Ya Riga Fim Haihuwa: Sharhi Kan Kundin Ralph McQuarrie

A 1977, shekarar da fim ɗin Star Wars ya fito, kamfanin ɗab'i na Ballantine ya buga wani kundi mai suna The Star Wars Portfolio. Zane 21 ne a ciki, kowanne a takardarsa, duk aikin Ralph McQuarrie, Ba'amurken da ya rayu daga 1929 zuwa 2012. Har yau masu tara zanen finafinan almarar kimiyya suna farautar wannan kundi, kuma ana ta sake buga zanukan a kalandu da fastoci. Abin tambaya shi ne, me mai saye yake ratayewa a bango: aikin fasaha mai cin gashin kansa, ko kuwa ragowar kayan aikin fim?

McQuarrie bai yi waɗannan zanuka don ado ba. George Lucas ne ya ɗauke shi aiki domin ya nuna wa shugabannin 20th Century Fox abin da rubutun labarin ya kasa nuna musu, su yarda su zuba kuɗi. Kafin nan ya yi aikin zanen injuna a kamfanin jiragen sama na Boeing, ya kuma yi wa tashar CBS zanen tafiyar kumbon Apollo. Wannan horo yana bayyane a hannunsa. Jirginsa na sama jannati yana da nauyi, ƙarfensa yana da mahaɗa, har mai kallo ya ji kamar makaniki zai iya kwance shi.

Zanen da ya fi shahara shi ne na butum-butumi biyu cikin hamada, wanda ya yi a 1975. C-3PO yana tsaye a gaba, siriri, da siffar da ta ɗauko kamanni daga butum-butumin fim ɗin Metropolis na 1927, R2-D2 kuma yana biye da shi. Babu yaƙi, babu gudu, sai faɗin rairayi da kaɗaici. Fim ɗin ya mayar da su 'yan barkwanci, amma a takarda baƙi ne da suka ɓata a ƙasar da ba su sani ba. Nan ƙarfin kundin yake: yana adana hanyoyin da fim ɗin bai bi ba. Darth Vader na McQuarrie ramamme ne mai zafin nama, kuma abin rufe fuskarsa ya samo asali ne daga shawarar mai zanen cewa wanda zai ratsa sarari daga jirgi zuwa jirgi yana buƙatar na'urar numfashi.

Kundin yana da rauninsa. McQuarrie gwanin gini ne da haske, amma mutane a wurinsa ma'auni ne na nuna girman ɗaki. Fuskokinsu ba sa faɗin komai. Wanda ya zo neman fargaba ko soyayya a idon ɗan Adam zai koma hannu rabbana.

Kalanda kuwa tana ƙara wa zanen wata illa. Yawancin zanukan masu faɗi ne irin na allon sinima, shafin kalanda kuma yakan tilasta a datse gefe ko a ƙanƙance hoto. Da an datse hamadar, kaɗaicin ya tafi. Duk da haka kalanda ta fi bugun tsada mai lamba da sa hannu gaskiya, domin tana barin zanen a inda ido zai gan shi kullum. Mai tarawa da ya kulle kundinsa a leda yana jiran farashi ya tashi ya mayar da fasaha hajar ajiya.

Inda wannan ɗabi'a take kaiwa ya fito fili a Nuwamban 2021. A gidan gwanjo na Christie's da ke Paris, wata ƙungiya mai suna Spice DAO ta sayi littafin zanen fim ɗin Dune na Alejandro Jodorowsky, wanda ba a taɓa ɗauka ba, a kan Yuro miliyan 2.66. Littafin yana ɗauke da aikin Moebius da Chris Foss da H. R. Giger. Ƙungiyar ta yi shelar shirya wasan zane daga gare shi, alhali sayen kwafi ba ya ba mutum haƙƙin mallaka. Takarda suka saya da tawada.

Haka abin yake ga mai kundin McQuarrie. Haƙƙin yana hannun Lucasfilm, wanda Disney ta saya a 2012, kuma kamfanin yana ci gaba da ɗiba daga wannan rijiya: tsohon zanen Chewbacca ne ya zama Zeb a shirin Star Wars Rebels na 2014. Rabon mai tarawa shi ne damar zama ya kalli zanen a tsanake, ya ga yadda tunani yake kafin kuɗi da kyamara su taɓa shi. Wanda ya sayi kundin don wannan ya ci riba, ko da bugun kalanda mai arha ya samu.