Arish da Jan Biron Mai Gyara

Ina aji uku a jami'a wani malaminmu ya dawo mini da gajeren labarina, ya zagaye kalma ɗaya da jan biro. A labarin, wata amarya a Yakasai ta aiki ƙanenta Kasuwar Rimi ya sayo mata arish. Malam ya rubuta "dankalin turawa" a gefe. Na gyara saboda ina son maki, amma har yau ina ganin gyaran ya yi wa labarin illa.

Asalin kalmar ba ɓoyayye ba ne. Daga Irish ta fito, laƙabin da Turanci ya ba wannan dankali saboda yadda mutanen ƙasar Ailan suka dogara da shi, har cutar da ta kama shi a 1845 ta jawo yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Ita kanta shukar daga duwatsun Andes na Kudancin Amurka take. Wanda muke ci a Kano kuwa yawanci daga Filato ake kawo shi, daga su Bokkos da Mangu. Bahaushe ya yar da rabin sunan, ya lanƙwasa sauran yadda harshensa zai iya ɗauka, kamar yadda ya yi wa karas da latas da kabeji. Waɗannan babu mai zagaye su da jan biro.

Malam yana da hujja. "Dankalin turawa" ginin Hausa ne, kuma a bakin mai ba da labari ya fi zama daidai. Amma maganar ɗan wasa tasa ce, ba ta marubuci ba. A wurin kakata, dankali shi ne mai zaƙin nan da ake dafawa a ci da ƙuli, wanda ake wa kirari da "sha kushe". Zuwan baƙo ne ya sa aka fara ce masa dankalin Hausa, alhali shi ma daga Amurka kakanninsa suka zo. Idan ta ce dankalin turawa, sai ka ji tana nesanta kanta da shi, abincin wasu ne. Amaryar kuwa da shi ta tashi. Tana cewa arish ne don a san ta iya girkin zamani, wanda ake soyawa da ƙwai a ajiye wa ango lokacin shan ruwa.

Marubutan littattafan soyayya na Kano sun daɗe da gane wannan. Muna yawan kushe su kan ƙa'idar rubutu, sau da yawa da gaskiyarmu, amma a nan kunnensu ya fi namu ji.

A labarina, surukar amaryar ta ji aiken ta taɓe baki, daga nan rigimar gidan ta soma. Bayan gyara, amarya ta koma magana irin ta surukarta, sai taɓe bakin ya rasa dalili.