Wasan Ban Dariya Idan Ya Sake Gida

Sana'ar ban dariya tsohuwar sana'a ce, amma talabijin ya jawo mata wata wahala wadda 'yan kama na kasuwa ba su san ta ba. Ɗan kama ya kan yi wasansa a wannan kasuwa yau, gobe ya tashi ya tafi wata ya maimaita, ba wanda zai ce ya taɓa ji. Mai wasan talabijin kuwa dare ɗaya ya ke yi, mutanen ƙasa duka su gani, mako mai zuwa su zauna suna jiran sabo. Saboda haka wasan da ya daɗe ya kan sake kama ko masu shi ba su so ba. Labarin waɗansu Turawa biyu na ƙasar Ingila, Eric Morecambe da Ernie Wise, ya isa misali, gama sau biyu suka sake gida. Ƙaura ta fari ta ɗaukaka su, ta biyu ta rage musu daraja.

Sun soma wasa tare tun suna samari, cikin 1941. Eric dogo ne mai tabarau, Ernie gajere. Wasansu na fari a talabijin, wanda BBC ta nuna cikin 1954, bai karɓu ba, jaridu suka kushe shi ƙwarai. Sai cikin 1961 suka sami shiga a kamfanin ATV, inda waɗansu marubuta biyu, Dick Hills da Sid Green, su ke shirya musu abin da za su faɗa. A zamanin nan wasan na gardama ne da saurin baki: Ernie mai wayo, Eric wawa mai katsalandan. Ana dariya, amma da yawa cikin maganganun ko wane mai ban dariya zai iya faɗinsu.

Cikin 1968 suka koma BBC, domin a can za a nuna su da launi. Ba a jima ba, cikin watan Nuwamba na wannan shekara, ciwon zuciya ya ka da Eric, marubutan nan biyu kuma suka bar su. Ko wa ya duba a lokacin sai ya ce abin ya ƙare. Ashe nan ne arzikinsu ya ke. Aka kawo musu wani mutumin Libaful, Eddie Braben, shi kuwa kafin ya sa alƙalami sai da ya lura da zaman mutanen nan biyu, ya gane abin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin sana'a, amintaka ce ta shekaru kusan 30. A kan wannan ya yi gini. Ya mai da Ernie marowaci mai ji da kai, wanda ya ɗauka shi babban marubucin wasan kwaikwayo ne alhali rubutunsa shirme ne. Eric kuwa ya zama kamar ƙane mai tsokana, yana yi wa ɗan'uwansa ba'a amma ba ya yarda wani bare ya taɓa shi.

Wannan shi ne ya ba wasan rai. Manyan mutane suka riƙa zuwa ana wasa da su, suna murna. Cikin 1971 Glenda Jackson, wadda aka sani da wasanni masu nauyi, ta fito a matsayin sarauniya Kiliyobatara tana faɗin shirmen da Ernie ya rubuta ba ta ko murmushi. A Kirsimetin wannan shekara André Previn, shugaban makaɗa, ya tsaya yana fama da Eric, wanda ya zauna gaban fiyano yana ɓata kiɗan Grieg, yana kuma musu cewa shi bai yi kuskure ba, jerin ne kawai ya sha bamban. Mai karatu ya lura, abin dariyar ba a bakin Eric kaɗai ya ke ba. Yana cikin fuskar baƙon, da tsayawar Ernie a tsakani yana ba da haƙuri, da ɗan shirun da a kan yi kafin amsa. Irin wannan yana bukatar lokaci, BBC kuwa ta ba su minti 45 ko fiye ba tare da talla ta katse su ba. Abin da mai kallo ya ke zaton suɓutar baki ce, yawanci an sha gwada shi kwana da kwanaki. Wasansu na Kirsimetin 1977 mutum fiye da miliyan 20 suka kalla.

Da shigowar 1978 sai suka koma kamfanin Thames, wanda ya yi musu alkawarin ƙarin kuɗi da kuma yin fim, abin da ya daɗe yana ransu. Ba laifi ba ne mai sana'a ya nemi inda za a fi biyansa. Amma sun tafi sun bar Braben a baya, gama yarjejeniyarsa da BBC ba ta ƙare ba, bai bi su ba sai 1980. Waɗanda suka riƙe alƙalami kafin ya zo, Barry Cryer da John Junkin, gwanaye ne, sai dai kwaikwayon muryar wani suka tarar an ɗora musu. Haka ya faru ga Tony Hancock cikin 1963, sa'ad da ya tafi ATV ba tare da marubutansa Ray Galton da Alan Simpson ba, wasansa bai sake komawa yadda ya ke ba.

Sabon gidan kuma da nasa sharuɗɗa. Thames da talla ya ke ci, don haka wasannin mako mako suka koma rabin sa'a, a tsakiya kuma a yanke a yi tallar kaya. Zancen da a dā a kan ja shi a hankali har ya nuna, yanzu sai a gaggauta shi. Har ila yau Thames ba shi da ikon watsa shiri a Landan daga daren Jumma'a zuwa Lahadi, wannan rabon wani kamfani ne. Saboda haka cikin 1981, 1982 da 1983 ba a nuna wasansu a ranar Kirsimeti ba, sai kafinta ko bayanta. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma iyalai sun saba su ci abinci su taru gaban akwati a wannan dare, ɗabi'ar nan kuwa rabin darajar wasan ce.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora wa ƙaura laifin duka. Ko da sun zauna a BBC, tsufa da ciwo za su same su a can. Cikin 1979 ciwon zuciya ya sake kama Eric har aka yi masa aiki, wasan Kirsimetin wannan shekara ma yawancinsa hira ce da David Frost. Da Braben ya dawo, aka riƙa ɗauko tsofaffin wasannin BBC ana yi musu kwaskwarima. Eric yana nan yana ɗan marin kumatun Ernie, yana karkata tabarau, suna fita da rawar tsalle kamar dā. Jama'a suna dariya, amma dariyar ta sauya. A dā mamaki ke kawo ta, yanzu kuwa sabo da ƙauna ne, kamar yadda jikoki kan yi wa kakansu dariyar labarin da suka ji sau goma. Wannan ba abin raini ba ne, kuma mutane da yawa sun ci gaba da kallo har ƙarshe. Sai dai wanda ya jera wasan 1971 da na 1982 zai ga na farkon yana neman hanyar da ba a bi ba, na biyun yana taka sawun da ya bari.

Fim ɗin da aka yi musu alkawari, Night Train to Murder, an yi shi, amma Eric bai gamsu da shi ba. Cikin watan Mayu 1984 ya yi wasa a wani ɗakin wasa a garin Tewkesbury, yana fitowa daga dandali ya faɗi, ya rasu washegari yana da shekara 58. Sai cikin Janairu 1985 aka nuna fim ɗin a talabijin.