Minti 11: Me manhajar gano toshewar jijiya ta ƙara wa maras lafiya?

Idan kana bibiyar labaran kimiyya, da wuya ba ka ci karo da kanun da ke cewa ƙirƙirarriyar basira ta fi likita ido ba. Fannin cututtukan jijiyoyin jini na cikin waɗanda aka fi yi wa wannan kirari. To, bari mu ɗauki misali guda mu ɗora shi a sikeli.

A watan Fabrairun 2018, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata manhaja ta kamfanin Viz.ai. Aikinta shi ne duba hoton CT na jijiyoyin kai. Da zarar ta hango alamar gudan jini ya toshe babbar jijiya, sai ta tura saƙo kai-tsaye zuwa wayar ƙwararren likita. Irin wannan toshewa ce ke haddasa mummunar shanyewar ɓarin jiki, kuma wani lissafi da Jeffrey Saver ya wallafa a 2006 ya nuna tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Akwai maganinta: a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuwa ƙwaƙwalwa, a zaro gudan jinin. Ka ga ke nan kowane minti na da tsada.

Sai dai ka lura da hujjar da aka fara kafawa. Tsofaffin hotuna 300 aka ba manhajar, aka gwada amsarta da ta ƙwararrun likitoci biyu. Izinin da ta samu ma na ankararwa ne kawai, hukunci na hannun likita. Wato ƙararrawa ce. Duk da haka, a 2020 shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, ya yarda ya riƙa biyan asibitoci har dala 1,040 kan kowane maras lafiyar da ya cancanta.

Gwaji mai ƙwari ya fito a 2023 a mujallar JAMA Neurology, daga asibitoci huɗu na birnin Houston, kan marasa lafiya 243. Bayan an fara amfani da manhajar, lokacin da ke tsakanin isowar mutum asibiti da fara yi masa aiki ya ragu da kimanin minti 11. Wannan nasara ce, babu ja. Amma da aka waiwayi mutanen bayan kwana 90, ba a ga wani bambanci ƙarara ba a yawan waɗanda suka koma iya hidimar kansu. Adalci shi ne a ce mutanen sun yi kaɗan a yanke hukunci a kan wannan. To amma fa abin da ke gaban maras lafiya da iyalinsa ke nan: zai tashi ya taka? Zai yi magana? Minti ne aka tabbatar a gwajin, saura wannan amsar.

Akwai kuma abin da masu tallan fasahar ba su cika faɗa ba. Ƙararrawa ba ta da amfani in babu mai amsa ta. Sai da na'urar CT mai aiki dare da rana, da ƙwararren da ya iya zura bututun, da ɗakin aikin, sannan a kawo mutum cikin 'yan sa'o'i. A Houston duk wannan na nan tun kafin manhajar ta zo. Inda iyali ke kwana ana shafe-shafe kafin a nufi asibiti, minti 11 ba zai rufe komai ba.

A wajenmu ma matsalar ta faro tun daga baya. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Na'urar awon jini da shan magani a kan kari ba sa jiran intanet.

Saboda haka, duk ranar da ka ga an ce wata manhaja ta gano cutar jijiya da kashi kaza cikin ɗari, ka tambaya: a kan su wa aka gwada ta, me aka auna, kuma mutum nawa suka koma gida da ƙafafunsu? Ba girin-girin ba, ta yi mai.