Ƙagaggen Labari A Wayar Hannu: Wa Ke Duba Mana Aiki?

Duk mai bibiyar adabin Hausa ya san cewa ƙagaggen labari ya yi ƙaura. Ya tashi daga shagunan littattafai na Kasuwar Sabon Garin Kano ya tare a cikin wayar hannu. Tun da aka fara amfani da layukan salula a Nijeriya a 2001, daga baya kuma wayoyi masu intanet suka wadata, sai ga matar aure a ɗakinta tana rubuta labari da babban yatsa, ta saki shafi da daddare ta WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kafin gari ya waye an karanta shi a Yamai da Kumasi da Jidda. Abin da muke son dubawa a wannan nazari shi ne irin tasirin da ƙaurar ta yi ga zubi da tsarin labarin kansa.

Idan muka waiwayi tarihi za mu tarar a da akwai wanda ke tsayawa tsakanin marubuci da mai karatu. A gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai da Rupert East ya zauna da rubuce-rubucen ya tace su kafin a kai maɗaba'a. Hukumar NORLA da aka kafa a 1954 da kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966 duk sun riƙe editoci. Da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu daga tsakiyar shekarun 1980, edita ya ja baya, amma tsadar takarda ta maye wani ɓangare na aikinsa. Wanda zai biya kuɗin kowane shafi dole ya auna abin da zai zuba a kai, kuma ba ya zuwa wurin mai bugu sai ya kammala aƙalla littafi na ɗaya. A wayar hannu babu edita, kuma shafi ba ya cin ko kwabo.

Adalci ne mu fara da alherin da wannan ya kawo. Yarinyar da ba ta da jari, ba ta san kowa a Kano ba, ta sami masu karatu ba tare da ta roƙi dillali ba. Mata, waɗanda dama su ne ƙashin bayan wannan fage tun zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, sun sami filin faɗin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya game da kishi da saki da cin zarafi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016 ta nuna cewa hannuwa masu iya rubutu suna da yawa. Don haka ba za mu maimaita rainin da aka yi wa littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ba, waɗanda daga bisani jami'o'i suka dawo suna nazarinsu. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Matsala ta farko tana ga tsari. Yawancin waɗannan labarai ana sakinsu ne shafi-shafi tun marubuci bai san ƙarshensu ba. Akan bayar da shafukan farko kyauta, sannan a ce mai son ci gaba ya biya. Saboda haka kowane shafi sai ya ƙare da abin tayar da hankali domin a dawo gobe, kuma tsawaita labari ya zama riba. Labarin da jigonsa bai wuce shafi ɗari ba sai a ja shi kamar danƙo, a shigo da sababbin taurari a tsakiya, a manta da waɗanda aka fara da su. Bugu da ƙari, masu karatu suna tsaye a kan marubuci yana cikin rubutu. In sun ƙi jinin kishiya sai a ƙara mata mugunta fiye da yadda hankali zai ɗauka, in sun yi kukan mutuwar tauraro sai a ce ashe suma ya yi. Babbar asarar kuwa ita ce, wanda ya saki babi na farko wata uku da suka wuce ba shi da damar komawa ya gyara shi domin ya dace da abin da ya gano a babi na arba'in, alhali a irin wannan komawar ce labari ke nuna.

Matsala ta biyu ita ce ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, har mai karatu ya rasa ko baki ake nufi ko baƙi, kafa ko ƙafa. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a rubuta "yaje" maimakon "ya je", a kasa bambance "akan" da "a kan". A da ana iya ɗora laifin a kan waya, amma yanzu akwai allon rubutu na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ wanda kowa zai iya saukewa kyauta. Yaron da ya fi karanta Hausa a waya fiye da a aji, abin da ya gani shi zai ɗauka daidai ne.

Ta uku ita ce adana aiki. Ruwan Bagaja da aka buga a 1934 har yau ana ɗauko shi a kan kanta. Manhajar OkadaBooks kuwa, wadda aka buɗe a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a cikinta, ta rufe a watan Nuwamban 2023. Waya takan ɓace, shafi yakan rufe, wani kuma ya kwashe labari ya goge sunan mai shi ya yaɗa. Manazarcin da zai zo nan da shekara talatin, a ina zai sami waɗannan ayyuka?

Shawararmu ga sababbin marubuta ita ce su kammala labari kafin su saki shafin farko, ko da sun yi niyyar sakinsa kaɗan-kaɗan, domin sauri ya haifi nawa. Su ba abokan sana'a biyu su karanta da jan biro, waɗanda ba za su ji nauyin cewa babi kaza ba shi da amfani ba. Rassan ƙungiyoyin marubuta su ware rana a wata domin duba irin waɗannan rubuce-rubuce, su gayyato marubutan waya a zauna tare ba tare da kallon hadarin kaji ba. Wanda labarinsa ya karɓu kuma ya daure ya tace shi ya buga a takarda ko da kwafi kaɗan ne, ya kai Ɗakin Karatu na Ƙasa a ajiye kamar yadda dokar 1970 ta tanada. Tunda na'ura ta sauke mana nauyin bugu da rarrabawa, lokacin da muka samu sai mu zuba shi a kan gyara.