SHARHI A KAN FIM ƊIN "AMINA": YAƘI BABU KIRARI

A hutun da ya wuce na koma gida Tsanyawa ana tsakiyar yankan dawa. Wata rana da daddare muka taru a shagon cajin waya, mu bakwai a kan waya ɗaya, muka kalli fim ɗin "Amina" wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Netflix kuma ta fitar a 2021. Lucy Ameh ce ta fito a Amina, Ali Nuhu ya fito a Ɗanjuma, Clarion Chukwura kuma ta fito a bokanya Zumbura.

Kafin tarke sai yabo. An kashe kuɗi, an kuma yi wahala. Dawaki da sulke da ƙurar fagen fama duk sun cika ido. Ban kuma ga laifin duba da tsafin da aka cusa ba, domin ita kanta Amina rabinta tarihi ce, rabinta tatsuniya. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438, ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuwa sun kai ta ƙarni na 16. Inda masana suka saɓa, mai hikima yana da damar ƙagawa.

Aibin fim ɗin a kunne yake. Na farko, 'yar Bakwa Turunku da fadawanta da Ingilishi suke magana. Wani manomi da ke tare da mu bai kai rabi ba ya tashi, yana cewa yaƙin Turawa ne aka naɗa wa rawani. Na biyu, abin da ya fi cika mini kunne a wurin gumurzu shi ne irin kiɗan fina-finan Amurka. Alhali kuwa Bahaushe ba ya fita yaƙi shiru. Tambari ke shelar sarki, kakaki ke faɗin sarauta, maroƙi kuma ya kira jarumi da sunan ubansa har tsikar jikinsa ta tashi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan tauri ya ji gangarsa ya san cewa kiɗan ne ke haifar da jaruntakar. Da aka rage wannan, sai mayaƙan suka zama jiki babu rai.

Na dawo gida ina ta faɗa, sai yayana ya ce, "To, kai da kake karatun Hausa, ina jitarka?" Maganar ta soke ni. Shekara uku ke nan na rataye ta, don gudun a ce ɗan gidan mutunci ya zama maroƙi. Washegari na sauko da ita, na kakkaɓe ƙura. Tsirkiya huɗu sun tsinke, saura biyu, daidai da na garayar mafarauta. A kansu na shiga laluben kiɗan maza, yatsuna suna zafi.

Mai karatu zai ce ai jita ma baƙuwa ce kamar Ingilishi. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Hausa harshe ne mai karin sauti, tsirkiya kuma tana iya bin hawa da saukar magana, kamar yadda kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos yake yi. Bala Miller ya sa kayan kiɗan Turawa sun yi Hausa. A Agadas, su Bambino sun mai da jita 'yar gida ga Buzaye. Aro ba laifi ba ne, muddin abin da aka aro ya koyi harshen masu gida.

Saboda haka hukuncina biyu ne. "Amina" ya ƙayatar da ido, ya bar kunne da yunwa. Mu kuma ɗaliban Hausa da ke jin kunyar kiɗa ba mu da bakin ƙorafi in wani ya ba da labarinmu da muryar da ba tamu ba. Ni dai na aika Kano a sayo mini sauran tsirkiyoyin.