«An Lura da Cewa…» To, Wa Ya Lura?

Rahoton te-pe na ɗaliban shimi rubutu ne da ba kowa ke ɗaukarsa rubutu ba. A rubuta shi cikin dare, malam ya sa maki bisa 20, takardar ta ƙare wajen mai ƙosai. Ni da nake karatun kimiyyar harshe na karɓi wasu daga hannun abokai, duka a kan darasi guda: saurin haɗuwar sinadarai, abin da suke kira sinetik. Na karanta su da tambayoyin da muke yi wa kowane rubutu: wa ke magana, me ya faɗa, me ya haɗiye.

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. A zana X a kan farar takarda, a ɗora kofin gilashi mai ruwan tiyosulfat, a zuba asid kloridrik, a danna agogo. Sannu a hankali farar wuta na fitowa cikin ruwan, yana dushewa kamar an ɗiga masa madara, har mai leƙe daga sama ya daina ganin X ɗin. Nan ake tsayar da agogo. Sai a sake da ruwan da aka ƙara sirkawa, ko wanda aka ɗumama, a gwama lokutan.

Ku lura, ma'aunin wanga gwaji idon mutum ne. Amma a rahotannin babu mutum ko ɗaya. Daga farko har ƙarshe «on verse», «on observe», wato an zuba, an lura. Hausa ma tana da wannan ƙaramin wakilin suna mai ɓoye aikau: an, aka, ana, ko anka a bakin mutanen Tawa. Mun san aikinsa a gida. In yaro ya ce «an fasa tulu», uwa ta san akwai wanda ake rufa wa asiri.

Ban ce salon ba shi da dalili ba. Kimiyya na son kowa ya iya maimaita gwaji ya samu abin da aka samu, don haka sunan mai zuba asid bai dami kowa ba. Na yarda da wannan wajen zubawa. Wajen gani kuwa, a'a. Mutum biyu ba sa daina ganin X a daƙiƙa guda. Mai tabarau daban, na kusa da taga daban. In Wane ya leƙa a zagaye na farko, Wance ta leƙa a na biyu, lambobin da aka jera cikin tablo ɗaya ba ƴan uwa ɗaya ba ne. «An lura» ta shafe wannan duka, mai karatu kuma ba shi da hanyar sani.

Abu na biyu ya fi ba ni haushi. Kusan kowa ya rubuta cewa an yi gwajin «à température ambiante», wato cikin zafin ɗaki, ba tare da lamba ba. Ɗakin wa? A littattafan Turai kalmar na nufin digiri 20 zuwa 25. A Yamai ko Maradi cikin watan Afrilu zafin rana na wuce 40, ɗakin da wuta ta ɗauke kuma ba ya nesa da haka. Ga shi darasin kansa a kan zafi ya dogara. Tun 1889 Arrhenius, masanin nan na Suwidin, ya tsara lissafin da ke nuna yadda zafi ke ƙara saurin haɗuwa, kuma ɗaliban sun hardace cewa a haɗe-haɗe da yawa ƙarin digiri 10 na ninka saurin kusan sau biyu. Ke nan daga 25 zuwa 40 ana maganar kusan ninki uku. Mai tallar nono ta san wannan ba tare da lissafi ba: da bazara take saurin kai kayanta kasuwa. Ɗalibi kuwa ya kwafo kalmar da aka ɗinka wa wata ƙasa, ya bar ma'aunin zafi a kan teburi.

Sai kammalawa. Nan rahotannin suka zama kamar wasiƙar neman aiki, kowa da jimla iri ɗaya: sakamako ya dace da ƙa'ida, ɗan bambancin da aka gani kuskuren aiki ne. Wane kuskure? Shiru. A ɗaya daga ciki na ga ɗigo biyar a kan zane, uku sun bi layi, biyu sun yi nasu waje, amma jimlar na nan daram. Haba! Ɗigon nan biyu su ne labarin. Tsoron maki ya sa aka lulluɓe su.

Rahoto guda ya fita daban, shi ne kuma ya tabbatar mini cewa gyaran ba shi da tsada. Marubuciyar ta sa lambar da ma'aunin zafi ya nuna. Ta ce mutum ɗaya ne ya yi leƙen a duk zagayen. Da ta zo kan ɗigon da ya kauce, ta rubuta cewa sun makara wajen danna agogo, ta faɗi wajen da hakan zai karkatar da sakamako. Faransancinta na ɗingishi nan da can, amma da takardarta kaɗai zan iya shiga labo in maimaita aikin.

Me ya kawo wannan cikin ɗan littafin marubuta? A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma masu fatar ganin kimiyya da Hausa sun fi damuwa da kalmomi: me za mu kira kaza, me za mu kira kaza. Kalma ana ƙera ta ko a aro, kamar yadda muka aro lakwal da mota. Abin da nake tsoro shi ne mu fassara halin tare da kalmar, «on» ta koma «an», zafin ɗakin Faransa ya shigo Damagaram da sabuwar riga. Duk harshen da za a rubuta rahoton da shi, tambayoyi uku na jiran amsa: wa ya duba, zafi nawa ne, me ya ƙi bin layi.